Ƙawayen 'Yata da Kogin Kaduna

A gidan haya na taso a Kakuri, lokacin da masaƙun Kaduna suke aiki dare da rana, gida mai ɗaki 12 da ya tara Hausawa da Bajju da Gbagyi da Yarabawa a tsakar gida ɗaya. Babbar ƙawata 'yar Bajju ce. Tare muke carafke a bakin rijiya, kuma idan Kirsimeti ta zo mahaifiyarta takan kawo wa mahaifina kajinta ya yanka, domin mu ci abincinta hankali kwance.

Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 ne suka raba mu, kamar yadda suka raba garin: yawancin Musulmi suka koma arewacin kogi, yawancin Kiristoci suka koma kudancinsa. Mu muka tare a Tudun Wada, su kuma a Sabon Tasha.

Kwanan baya na ce wa 'yata mai shekara 9 ta lissafa ƙawayen da za ta gayyata sunan ƙaninta. Ta kawo suna 11, kuma babu ko ɗaya da ba Bahaushiya ko Bafulatana ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Wasu na cewa yaro da irinsa yake sabawa saboda harshe, amma ban gamsu ba, domin a Kakuri da Hausa dukkanmu muke wasa da faɗa. Yarinya tana zaɓen ƙawa ne daga cikin waɗanda take tararwa a bakin famfo, da islamiyya, da bencin aji, kuma mu manya ne muka taƙaita mata su. Bayan haka sai kunnenta ya riƙa tsintar maganganunmu, irin su "kada ki ci komai a gidan mutanen nan", tun kafin ta san ko su wane ne. Gwamnatin Gowon ta kafa bautar ƙasa a 1973 domin haɗa kan ƙabilu, to amma wanda ya gama jami'a ya riga ya bushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar Asabar da ta wuce na ɗauke ta muka haye gada zuwa Sabon Tasha, gidan ƙawata. Da farko ta maƙale a jikina, ta ƙi ko shan ruwa, har 'yar ƙawar tawa ta fito da duwatsun carafke daga wani gwangwanin madara. A hanyar dawowa, cikin Keke Napep, ta tambaye ni a ina yarinyar ta koyi Hausa haka.