Asabar: "Ajiye na ce"

Tun asuba hazo ya lulluɓe Bauchi, ko dutsen bayan unguwarmu ba a hangowa. Na ce yau dai ranar haɗa sabulu ce, tunda yara suna Islamiyya, Abban Ummi kuma yana kasuwar Muda Lawal sai la'asar. Karo na uku ke nan. Na farkon kun san yadda ya ƙare, ya ƙi daskarewa saboda da gwangwani na yi awo. Yanzu sikelin da na sayo a kasuwar Wunti nake bi: man ja giram 400, man kwakwa 300, man kaɗanya 300, soda 142, ruwa 330. Na rubuta a bayan kalanda kar in ruɗe. Sanyi ya sa man kaɗanyar ya ƙanƙare, sai da na narkar da shi a kan garwashi. Raina fes.

Sai ga sallamar Goggo.

Ta same ni da safar hannu da tabarau da takunkumi, ta ce, "Ke kuma wa za ki yi wa tiyata?" Muka yi dariya. Ta miƙe ƙafa a tabarma tana ba ni labarin sabulun da suke yi a Darazo suna 'yan mata: a ƙona kara, a tace ruwan toka, a haɗa da mai a wuni ana tuƙi a kan murhu. Ba sikeli, ido da harshe ne ma'auni. Na ce mata wannan ba ya hawa wuta, sodar ce ke kawo nata zafin.

Na shiga ɗauko muciya. Fitowar da zan yi sai na ga ta juye sodar a tukunyar dalma, ta ɗaga buta za ta kwara ruwa a kai, hannunta tsirara. Wai ta ga robar da na ajiye ta yi ƙanƙanta.

Wallahi ban san sanda na daka tsawa ba. "Goggo ajiye! Ajiye na ce!"

Ta ajiye butar a hankali, ta dube ni. "Habiba, ni kike yi wa tsawa? Ina sabulu tun ubanki bai yi aure ba."

Na hau bayani murya na rawa. Soda ake barbaɗawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, in aka zuba mata ruwa a kai tafasa take yi ta fantsama. Tana cin dalma, ta fitar da iskar da ke iya kama wuta. Ɗigo ɗaya a ido zai iya makantar da mutum. Ruwan tokarsu bai kai rabin kaifinta ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To, malama."

Ba ta tafi nan take ba. Ta zauna har ruwan sodar ya huce, na tsiyaya shi cikin mai ina juyawa. Hannuna ya gaji, sai ya fara kauri kamar kunu, launinsa sak miyar taushe. Ina ɗaga muciya ina duba ko layin zai tsaya a sama, ta ce daga inda take, "Ya kama." Kuma ya kama ɗin. Ta riga ni gani. Na juye a akwatin katako mai leda, na rufe da tsohon bargo. Na kawo mata fate ta ce ta ƙoshi, kafin azahar ta yafa mayafi.

Tun ɗazu abin ke cina. Ko yanzu aka sake sai na hana ta, idonta ya fi min komai. Amma "na ce" ɗin nan. Haka nake yi wa Ummi in ta kusanci risho. Matar da ta goye ni shekarar da Inna ta yi jinya, ita na yi wa.

Wuta ba ta zo ba. Ummi ta dawo da takalmi ɗaya. Tuwo da kuka.

Abban Ummi ya ce in kama hanyar gidan Goggo a Jahun gobe da sassafe da goro, kar in bari ta kwana biyu da shi a rai. Da na so in jira sabulun in kai mata sandar farko, amma jibi za a yanka, sannan ya sha iska sati huɗu zuwa shida kafin ya taɓa jiki. Ba zan iya jira ba.

Na taɓa bargon yanzu, har yanzu da ɗumi.