Magini ne ni, amma gidajena a kwali ake aika su

Duk ranar da na kira gida sai Hajiya ta tambaye ni wai har yanzu kana nan kana wasan yaran nan naka? Na yi bayani har na gaji, yanzu dai cewa nake e Hajiya ana nan ana yi, a taya mu da addu'a. Don tsakani da Allah in ka ce wa mutum sana'arka gina gidaje ce amma gidan bai fi kwalin shayi girma ba, kuma mai saye dattijo ne da furfurarsa da zai jera sojojin dalma a ciki shi da abokinsa su yi ta jefa dayis irin na lido suna auna tazara da tef wai yaƙi suke a kan teburi, to ba lallai ya ɗauke ka mai cikakken hankali ba. Amma da abin nan nake biyan haya, da shi ake cefane.

A Nottingham nake zaune, garin da aka riƙa ƙera keken Rali da iyayenmu suka hau. Yanzu kuma garin ya zama cibiyar wannan wasa na yaƙin teburi, kamfanin Games Workshop mai yin sojojin wasan da aka kafa a Landan a 1975 nan hedkwatarsu take, Warlord Games ma nan suke, ga ƙananan kamfanoni rututu da tsofaffin ma'aikatan can suka fita suka buɗe. Kuma ba sabon abu ba ne fa, tun 1824 sojojin Prussia, wata tsohuwar masarautar Jamus, suka fara horar da hafsoshinsu da irinsa, marubucin nan H.G. Wells shi ma ya fitar da dokokin yi da sojojin wasa a 1913. Ni ban san ko ɗaya ba lokacin da na zo. Aikin shirya kaya nake a wani sito, wani abokin aiki ya ja ni kulob ɗinsu wata Laraba da daddare, na ga sojoji an yi musu fenti har maɓallin riga ana gani, amma gidajen da suke ɓuya a baya kwalin takalmi ne aka zana wa taga da maka. Abin ya tsaya min a rai. Mu da muka tashi muna fere karan dawa muna yin mota har da ƙofa mai buɗewa, hannuna ya fara ƙaiƙayi tun a wurin. Na ce masa ba ni sati biyu.

Irin gidan da na fi yi shi ne irin wanda nake haya a ciki, waɗannan na jan bulo da suke manne da juna a jere tun daga farkon layi har ƙarshe, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci in ya yi tari kana ji. Zamanin Sarauniya Victoria aka zuba su, ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, lokacin da mutane suka baro ƙauye suka cika garuruwan masana'antu ana neman inda za a cusa su kusa da masaƙa. Ɗaki biyu a ƙasa biyu a sama, ɗan tsakar gida a baya da masai da ɗakin kwal, sai lungu da ya ratsa bayan gidajen duka. Na farko-farko ma ko tsakar gidan babu, gida ne ya jingina bayansa da bayan wani, iska ba ta ratsawa, masai ɗaya gidaje da yawa. Dokar lafiyar jama'a ta 1875 ita ta ba hukumomin gari ikon tsara yadda za a yi gini, shi ya sa layukan da aka yi bayanta suka fito kamar an buga su da hatimi ɗaya. Masu baya-da-bayan an hana sababbi a 1909 duk da Leeds ta ci gaba da yi har shekarun 1930, kuma akwai 'yan kaɗan da National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi, ta adana a Birmingham, na je har sau biyu da tef a aljihu ina fakon idon mai gadi.

To ga inda aikin yake. Yawancin kwastomomina sojojinsu masu milimita 28 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin 56 na mutum. Gida mai faɗin mita huɗu da rabi zai dawo santimita takwas ke nan. Na farko da na yi daidai wa daida na yi shi, ina ta jin kaina, aka kai teburi sai ga shi soja ba ya shiga ƙofa, don kowane soja a kan wani ɗan faifai yake tsaye mai faɗin milimita 25, kuma hannun ƙato ba ya shiga ɗakin ya ɗauko shi. Tun daga nan na koyi yin ƙarya da gangan, faɗin gida santimita goma, ƙofa na ƙara mata, matattakalar bene na matse ta jikin bango ko na cire ta gaba ɗaya, rufi ana ɗagawa, benen ma ana ɗagawa kamar murfin kwano. Mai gina wa jirgin ƙasan wasa gari zai iya bin awo sak tunda kallo kawai za a yi, nawa kuwa taɓa su za a yi da hannu mai maiƙon cincin, a tura, a kayar, a jefa a but ɗin mota.

Ƙashin ginin allon soso ne mai takarda gaba da baya, kaurin milimita biyar, a kai nake manna siririn soso mai tauri irin wanda ake sa wa bango saboda sanyi, shi ne yake karɓar zane. Wuƙa ta likitoci nake amfani da ita, Swann-Morton ta Sheffield, kuma ba na tausayin reza, da ta fara jan soso maimakon yanka sai kwandon shara. Gam fari na kafinta kawai. Kar ka kuskura ka sa wa soson nan sufa gulu ko ka fesa masa fentin gwangwani kai tsaye, narkewa yake kana kallo, na taɓa asarar aikin kwana huɗu a minti ɗaya haka, na zauna a gareji na yi shiru har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya.

Bulo shi ne mai cin rai. Na gaske tsawonsa wajen inci tara ne, in ka rage ya dawo milimita huɗu, tsayin kowane layi kuma bai kai ɗaya da rabi ba, gaban gida ɗaya sai ya ci layi kusan tamanin. Ni milimita biyu nake ba kowane layi saboda daga inda mai wasa yake tsaye in ya yi ƙanƙanta da yawa ba a ganin komai sai ja kawai. Rula da reza na ja layukan kwance, sannan da fensir mai tsini na bi ina tsaga na tsaye ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe na dunƙule takardar alminiyam na daddanna don fuskar ta daina sheƙi irin na roba.

A nan ne wani tsoho ya koya min darasin da har yau nake ci da shi. Oda ta uku ce ko ta huɗu, gida shida a jere, na kai masa har gida ina jiran yabo. Ya sa tabarau ya duƙa ya daɗe, sai ya ɗago ya ce ɗana aikinka da kyau amma wannan bangon ba na zamanin Victoria ba ne. Ashe tsohon magini ne. Ni na jera bulon duk a tsawonsu kamar yadda ake yi yanzu, shi kuwa ya ce wancan jerin sai da bango mai rami a tsakiya ya yaɗu bayan yaƙin duniya na farko ya zama ruwan dare. Bangon da cikakke ne, kaurin bulo guda, dole a riƙa juya wasu a kwantar da su a karkace don su ɗaure ciki da waje, shi ya sa a fuska za ka ga dogo, gajere, dogo, gajere, ko kuma layi guda na gajeru zalla bayan 'yan layukan dogaye. Ya ce je ka dubi gidan da kake kwana a ciki. Na dawo na tsaya a bakin ƙofata, wallahi shekara nawa ina shiga ina fita ban taɓa gani ba. Ya biya ni kuɗina cif bai rage ko kwabo ba, amma ni na karɓo su na sake fuskokin duka shida.

Daga ranar na zama mai yawon lungu. Unguwannin Sneinton da Forest Fields na nan Nottingham, ina tafe ina ɗaga kai kamar baƙauye, har wata mata ta taɓa fitowa ta tambaye ni me nake nema a bayan gidanta, sai da na nuna mata hotunan aikina a waya, ƙarshenta ita ta buɗe min tsohon ɗakin kwal ɗinsu na auna. A yawon nan na lura gidajen bibbiyu suke kamar mutum da hotonsa a madubi, ƙofa kusa da ƙofa, bututun hayaƙi kuma a kan bangon da suka haɗa, kowane murhu da tukunyarsa a sama. Wasu unguwannin ma babu su yanzu, tsohuwar St Ann's an rushe ta tun wajen 1970, sai dai a tsofaffin hotuna.

Rufi kuwa da kwalin kwamfilas nake yi, yarana sun san ba a yar da shi a gidan nan. Na gaske falle-fallen dutse ne mai ruwan toka daga Wales, irin na mahaƙar Penrhyn da Dinorwig, jirgin ƙasa ne ya raba shi ko'ina a ƙasar. Na yanka kwalin dogo-dogo na tsattsaga rabi, na jera daga ƙasa zuwa sama kowane yana hawa kan na ƙasansa, nan da can na karkatar da ɗaya ko na ɓalle masa gefe. Tagogi irin masu turawa sama ne, ledar kwalin kaya da siraran takarda. Wannan ba wuya sai dai ciwon wuya.

Fenti ne inda nake faɗa da kwastoma. Kowa so yake ya ga ja jawur irin na hoton kalanda, alhali kafin dokar tsabtace iska ta 1956 kowane gida kwal yake ƙonawa, garuruwan nan baƙi ƙirin suke da hayaƙi. Don haka bayan na sa jan, na shafa farin kwaɓi ya shiga tsakanin bulo na goge, sai na bi da ruwan baƙi-baƙi tun daga bututu yana gangarowa, ƙasan bango kuma ɗan kore saboda danshi, wannan kam ba sai an ba ni labari ba, yana ɗakin kwanana. In Landan ake so bulon rawaya ne ba ja ba. Sannan shekarar wasan ita ke faɗa min sauran. Masu buga wasan farautar mai kisan unguwar Whitechapel ta Landan na 1888 fitilar gas suke so da lungu mai duhu. Masu buga mamayar da Jamus ta shirya yi wa Ingila a 1940 ba ta yi ba, su kuma sai na manna wa gilashi tef a gicciye, buhunan yashi a ƙofa, ɗakin ɓuya daga bam na kwano a inda fili ya samu.

Ana yawan tambayata injin leza da firintar 3D ba su kashe min kasuwa ba? Sun ci wani ɓangare, ba zan ɓoye ba. Na katakon leza kwata ɗin kuɗina ne kuma da yamma ɗaya ka haɗa shi, wanda yake son cika teburi mai ƙafa shida da huɗu kafin Asabar ni da kaina nake ce masa je ka sayi wancan. Tagogi ma yanzu wani lokacin a wurin mai leza nake yanko su, ban ga abin kunya ba. Abin da injin bai iya ba shi ne, gidajen nan rana ɗaya magini ɗaya ya gina su iri ɗaya, amma bayan shekara talatin babu biyu da suka yi kama. Wannan matar gidan kullum tana goge dokin ƙofarta fari tas, na kusa da ita mashayi ne tagarsa ɗaya da kwali aka toshe, na ƙarshen layi an fasa gabansa an yi shago. In zan yi jere sai na raba wa kowane gida mutanensa a kaina tukuna, har igiyar shanya. Wanda ya dawo wurina karo na biyu wannan yake biya.

Kuɗin dai kar a tambaya da yawa. Jeren gida huɗu yana cin min sati biyu zuwa uku, in na raba abin da na karɓa da awannin da na zauna wani lokacin gara aikin siton. Ga aikawa, wani kamfanin kai kaya ya taɓa mayar min da layi guda garin kwaki, kwastoma ya turo hoto da raha wai ya dace da bayan ruwan bama-bamai, ni ban yi dariya ba. Yanzu bututun hayaƙi daban nake naɗe su da maganaɗisu a gindi, kwali cikin kwali. Rabin kuɗi kafin na taɓa reza, wannan ma sai da aka ƙone ni sau biyu na koya. Odar da ta fi yawa kuma a baje koli nake samunta, Partizan a Newark nan kusa da mu, da Salute na Landan in aljihu ya yarda, mutum ya ɗaga rufi ya leƙa ya ga murhu da hoton bango sai ka ga ya laluba walat.

Wanda ke kan bencina yanzu na wani kulob ne da suke son buga abin da ya faru a titin Sidney na gabashin Landan a Janairun 1911, inda 'yan bindiga biyu 'yan Latvia suka maƙale a gida mai lamba 100, 'yan sanda da sojoji suka kewaye su, Churchill yana ministan cikin gida ya zo kallo da kansa, ƙarshe gidan ya kama da wuta. Ginin can ya fi irin nawa tsawo, kuma sun ce lallai gida na tsakiya ya zo kala biyu, lafiyayye da ƙonanne, a cire wannan a sa wancan in wasa ya kai wurin. Lafiyayyen na gama shi jiya. Ƙonannen ne na kasa farawa, tun safe nake zagaya shi da kofin shayi, ga bulo na zana ɗaya bayan ɗaya har layi sittin da wani abu, wai yanzu kuma in sa filaya in ɓarke masa rufi.