Haruffa iri ɗaya, tafiya daban: gwajina kan lanƙwasar DNA

Guntayen DNA iri biyu na yi aiki da su, kowanne mai haruffa 10 (A, T, G da C, wato tubalan da ake jera DNA da su): GAAAATTTTC da GTTTTAAAAC. A huɗu, T huɗu, G ɗaya, C ɗaya, babu wanda ya ɗara wani. Abin da ya raba su kawai shi ne wa ya riga wa zuwa. Na sa enzayim ɗin ligas ya yi ta jona kowanne da irinsa har suka yi tsawo, na ɗura su a jel ɗin foliyakirilamayid, wani daskararren abu mai ƙananan ƙofofi kamar raga, na kunna wutar lantarki don ta ja su ta cikinsa, gajeru su riga dogaye sauka.

Gwajin ba ni na ƙirƙiro shi ba, masanin kimiyya Paul Hagerman ne ya wallafa shi a 1986. Amma karantawa daban, gani da ido a ƙarƙashin fitilar UV daban. Layukan GTTTTAAAAC sun sauka daidai inda tsawonsu ya kai su. Na GAAAATTTTC kuwa sai jan ƙafa suke, kuma iya tsawonsu iya nawarsu, kamar mai cusa lanƙwasasshen kara cikin raga.

Lanƙwasa ce ke jawo wannan nawar: jerin A huɗu zuwa shida yana da tauri, yana tsuke ƙaramin kwarin da ke tsakanin igiyoyi biyu da suka murɗe suka yi DNA, yana karkatar da DNA da kusan digiri 18. Idan T ta biyo bayan A, tsarin yakan ɗore. Idan A ce ta biyo bayan T, mahaɗar takan yi sako-sako, sai tsarin ya karye a tsakiya.

Digiri 18 kaɗai ba ya zuwa ko'ina, tazara ce ke yin aikin. DNA tana cika murɗa ɗaya a haruffa kusan 10.5, don haka jerin da ke dawowa bayan kowane 10 gefe guda yake karkata, ƙananan karkatar su taru su zama baka. Da na buɗa tazarar zuwa 15, wannan ya ja dama wancan ya ja hagu, nawar ta ɓace.

Wanda zai maimaita, ya kula da zafin jel. A ɗaki mai sanyin digiri 4 bambancin ya fito ƙarara, da jel ya ɗau zafi kuma ya ragu sosai. Magniziyam yana ƙara shi. Wani nau'in jel da ake kira agaros kuwa kusan ɓoye shi yake yi, kada a ɓata lokaci da shi. Irin wannan nawar ce ta fara tona asirin lanƙwasar DNA a 1982, a wani guntun DNA na wata ƙwayar halitta mai suna Leishmania tarentolae.

Ni dai ba na yarda da mai ciro ainihin kusurwa daga jel kaɗai. Jel nawa yake nunawa, ba ya faɗin a ina karkatar take. Shi ya sa aka daɗe ana ja tsakanin ra'ayin masana biyu: na Trifonov, cewa kowace mahaɗar AA tana ba da 'yar karkatarta, da na Crothers, cewa a bakin jerin ne ake lanƙwasawa, inda ya haɗu da sauran DNA.