Akwatin Churchill da tsoron Stalin: yadda manyan leƙen asiri ke wuni

Idan aka ce shugaban hukumar leƙen asiri, yawancinmu mutum mai baƙin tabarau da bindiga a ƙugu muke hasashe. Amma duk wanda ya bi tarihin yaƙin duniya na biyu da na cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat zai ga cewa waɗannan manyan a kan tebur suke wuni, takardu tuli a gabansu, suna karantawa suna tankaɗe, wanne za a kai wa mai gida wanne za a jefa a durowa. Ni a ganina wahalar aikin duk tana wurin kai wa mai gidan ne, musamman ranar da labarin ba irin wanda yake son ji ba ne.

Ɗauki Stewart Menzies, shugaban MI6, hukumar leƙen asirin ƙasashen waje ta Ingila, daga 1939 zuwa 1952. Masu kwance saƙonnin sirrin Jamus suna can Bletchley Park suna aiki dare da rana, shi kuma kusan kullum sai ya zaɓi wasu ya sa a akwati a kai wa firaminista Churchill, sau da yawa ma shi da kansa yake kaiwa, mabuɗin kuma yana hannun Churchill. Churchill mutum ne mai son ganin ɗanyen abu, ba ya son a tauna masa a ba shi. To ka ga wanda ke zaɓen abin da zai shiga akwatin nan ai shi ke riƙe da kunnen firaminista, kuma gaskiya yawancin ƙimar da Menzies ya samu daga nan take, ba wai don 'yan leƙen asirinsa na cikin Turai sun yi wani abin a zo a gani a farkon yaƙin ba.

A Mosko kuwa abin ba daɗi. Filipp Golikov ya karɓi shugabancin leƙen asirin soja a 1940, kuma ya san sarai abin da ya sami waɗanda suka zauna kujerar kafin shi, su Berzin da Uritsky duk harbe su aka yi a 1938. Rahotanni fa suna ta shigowa cewa Hitler na tara sojoji a kan iyaka, ɗan leƙen asirinsu Richard Sorge na aikowa daga Tokyo, akwai majiyoyi har a cikin ma'aikatar sojan saman Jamus, amma Stalin ya riga ya sa a ransa cewa Ingila ce ke neman haɗa shi faɗa da Jamus. To me Golikov zai yi? A rahotonsa na Maris 1941 ya jero bayanan shirin harin tiryan-tiryan, sannan a ƙarshe ya rufe da cewa a ɗauke su a matsayin labaran ƙarya da aka baza da gangan. Wato ya faɗi gaskiya ya kuma ƙaryata kansa a takarda ɗaya. Ranar 22 ga Yuni 1941 Jamus ta afka musu. Ina jin haushinsa, amma kuma wallahi ban san mutum nawa ne za su yi daban ba idan kujerar da suke kai har yanzu da jinin wanda ya gabace su.

Amurka ba a harbe mutum, sai dai a daina kiransa taro, wanda a wurin irin waɗannan mutane shi ma mutuwa ce. Bayan abin kunyar Bay of Pigs a Afrilu 1961, wato harin da hukumar leƙen asirin Amurka CIA ta shirya don kifar da gwamnatin Kyuba bai yi nasara ba, shugaba Kennedy ya yi fushi da CIA, shugabanta Allen Dulles ya rasa kujerarsa kafin ƙarshen shekarar, aka kawo John McCone. A wannan shekarar ce aka fara haɗa wa shugaban ƙasa 'yar gajeriyar takardar sirri ta kullum da zai iya karantawa cikin mintuna kaɗan, wadda a 1964 zamanin Johnson ta zama abin da ake kira PDB har yau. Mutane ne ke kwana ofis suna rubuta ta saboda ta isa da safe.

Rikicin Kyuba na 1962 ne ya fi burge ni. Tun watan Agusta McCone yake cewa shi fa bai yarda ba, Rasha ba za ta jibge makaman kakkaɓo jirage a tsibirin nan haka kawai ba sai dai in akwai abin da take son karewa. Ba wanda ya saurare shi sosai, ana ganin tsohon mai ƙin kwaminisanci ne kawai. Ya yi sabon aure ya tafi hutu Faransa, daga can ma bai daina aiko da saƙo yana nanata maganar ba. Su kuma masanan hukumarsa, ƙarƙashin Sherman Kent, ranar 19 ga Satumba suka fitar da kimantawa cewa da wuya shugaban Sobiyat Khrushchev ya kai makaman nukiliya masu linzami Kyuba don bai taɓa yin irin wannan kasadar ba. Hujjarsu da ma'ana fa, Khrushchev ɗin ne bai bi ma'anar ba. Ranar 14 ga Oktoba jirgin leƙen asiri na U-2 ya ɗauko hotuna, washegari masu duba hoto na Arthur Lundahl, a wani tsohon gini a Washington da ƙasansa wurin sayar da motoci ne, suka wuni sunkuye a kan fim da gilashin ƙara girma suna auna tsawon wasu abubuwa da aka lulluɓe da tamfol. Takardun da Kanar Oleg Penkovsky na leƙen asirin sojan Sobiyat ya riga ya sato musu daga Mosko sun taimaka wajen gane irin makamin da kuma kwana nawa ya rage a gama harhaɗa shi. McGeorge Bundy, mai ba Kennedy shawara kan tsaro, ya sami labarin da daren 15, bai tashi Kennedy ba, ya bar shi ya yi barcinsa sai da safe. Shi ma wannan hukunci ne na aikin, sanin lokacin da za ka ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai kuma abin da ya faru a ƙarshen zamanin Andropov, wanda ya riƙe KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyat, daga 1967 zuwa 1982. A 1981 ya sa a ransa cewa Amurka na shirin kai harin nukiliya na ba-zata, ya kafa shirin RYAN, aka umarci ofisoshin KGB na ƙasashen waje su riƙa sa ido a kan alamu, fitilu nawa ne ke kunne da dare a ma'aikatun gwamnati, motoci nawa a wurin fakin, ko ana tara jini a asibitoci fiye da yadda aka saba. Oleg Gordievsky, wanda yake ofishin KGB na Landan yana kuma yi wa MI6 aiki a ɓoye, ya ba da labarin cewa yawancin jami'an ba su yarda da maganar ba sam, amma tunda oga na son alamu sai su nemo alamu su aika, Mosko ta karanta ta ƙara tsorata ta ce a ƙaro. Haka abin ya yi ta cin kansa har atisayen NATO na Able Archer a Nuwamba 1983, wanda har yau masana na gardamar ko yaya kusancin duniya da yaƙi ya kai a makon nan. Bayanan Gordievsky ne suka isa teburin Thatcher suka wuce wurin Reagan, har suka fara gane cewa tsoron da ake ji a Kremlin na gaske ne. KGB ta fara zarginsa a 1985 ta kira shi gida, a watan Yuli MI6 ta fitar da shi ta iyakar Finland a cikin but ɗin mota.