Yadda nake fama da takardun imel a wayata

Shagon kayan gini na kawuna da ke wajen Ƙofar Ƙaura ba mu da kwamfuta, wayata Tecno ita ce ofis ɗin gaba ɗaya. Masu kawo mana tayil da fenti daga Legas da Kano kuwa komai nasu ta imel yake zuwa, takardar farashi ne, rasit ne, takardar lodin mota ce, duk sai su maƙalo su a jikin saƙo. Shi Kawu ba ruwanshi da wannan, iyaka ya ɗago kai ya ce "kai Malam, duba mani abin nan da suka ce sun turo", ni kuma in ce to Kawu, in shiga dangwale-dangwale.

Babban abin da na gane shi ne buɗe takarda daban, sauke ta daban. In ka taɓa fayil a cikin Gmail ya buɗe kana gani, ba wai ya zauna a inda za ka same shi ba ne duk lokacin da ka so, leƙawa kawai ka yi. Sito ɗinmu lungu ne, sabis ba ya shiga sosai, kuma can ne ake sauke kaya, direba na tsaye yana ta duba agogo, 'yan dako na ƙirga katan, kai kuma kana buƙatar takardar lodi a hannu ka ga ko adadin ya cika. Shi ya sa tun a shago nake danna 'yar kibiyar nan mai kallon ƙasa da ke jikin fayil ɗin, sai ya faɗa foldar Downloads, daga nan ko babu data ko kaɗan zai buɗe ta manhajar Files. Kusa da kibiyar akwai alamar Google Drive, ita ma ajiya ce amma a intanet, tana da rana in waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa, sai dai a sito ba ta yi mani komai. Takarda mai muhimmanci duka biyun nake danna mata.

Sai maganar suna, wadda mutane ke rainawa. Fayilolin nan da sunaye marasa kan gado suke zuwa, lambobi ne kawai jere, in ka sauke abu ɗaya sau biyu kuma waya ta ƙara mishi wata lambar a baya, bayan wata ɗaya foldar ta koma kamar buhun gwanjo, sai ka zazzage duka kafin ka samu abin da kake nema. Yanzu da na sauke nake canza suna nan take, in sa "tayil Legas Maris" ko "fenti Kano rasit", in tura shi foldar mai kayan. Minti ɗaya bai kai ba, amma ranar da Kawu suka yi musu da wani dila a kan tsohon farashi, kafin su gama rantse-rantse na miƙa mishi wayar.

PDF ba ya ba da wahala. Excel, wato fayil ɗin lissafi mai layi-layi, shi ne ɗan rigima, sai kana da manhajar WPS Office ko Google Sheets, kuma ka kwantar da wayar a kaikaice in ba haka ba rabin layin ne za ka gani. A kuma duba can ƙasa, fayil ɗaya yana iya ɗaukar shafi biyu ko uku, wani lokaci farashin sari yana shafi na biyu kai kana ta kallon na ɗai-ɗai. In zip aka turo, wato fayiloli da aka ƙulle a ƙunshi guda, Files na Google yana kwance shi.

Wajen turawa kuma Gmail yana da iyaka, 25MB ne a saƙo guda, in abin ya wuce haka sai ya koma link na Drive, to a nan sai ka tabbatar ka ba mutumin izinin buɗewa, in ba haka ba ya yi ta kiranka yana cewa ya ƙi buɗuwa. Hoton rasit ma na daina ɗauka haka kawai da kyamara, a cikin Drive akwai wurin yin sikanin, ka shimfiɗa takardar a kan kantar shago inda haske yake, ya gyara gefunan ya maida ta PDF, ba nauyi kuma rubutun ya fito tas. Ko ta WhatsApp ne gara a tura a matsayin fayil, don in hoto ne matse shi yake yi har lambobi su dushe.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta na haɗaka ne tsakanin Gmail da Drive da Google Photos, wato bidiyon biki da na hawan sallah da waya ke ta lodawa da kanta su ma a ciki suke ci, in ya cika kuwa saƙo ya daina shigowa, kai kana zaune kana cewa ba a turo ba. Abin da nake yi, a wurin bincike na Gmail sai in rubuta larger:10M ya fito mani da saƙonni masu nauyi, in goge marasa amfani, sannan in shiga kwandon shara in share, don abin da ka goge yana nan kwance har kwana 30 yana cin wuri. In kuma takarda nake nema sai in rubuta has:attachment da sunan kamfanin.

'Yan damfara ma suna bi ta nan. An taɓa turo mana takardar biyan kuɗi da tambarin wani da muke sari wurinshi, komai iri ɗaya, amma lambar asusu ta canza, adireshin imel ɗin kuma da ƙarin harafi ɗaya wanda a ƙaramin allon waya sai ka taɓa sunan mai turowa kafin ka gan shi. Na nuna wa Kawu, ya ce kira mani shi a lambar da muka sani, mutumin ya ce wallahi Alhaji ban turo komai ba. Duk fayil ɗin da na buɗe ya ce in sa fasuwod ɗin imel ko lambar BVN, rufe shi nake yi. Gmail ba ya barin a maƙalo apk ko exe, wato fayilolin da ke girka manhaja a waya ko kwamfuta, shi ya sa 'yan damfarar suke ɓoye link a cikin PDF su ce danna nan ka ga rasit, ni dai ba na dannawa, hoton allon nake ɗauka in tura wa mai kamfanin ta WhatsApp in tambaye shi ko nashi ne.