Daga layin gaba zuwa mataimakin koci: yadda abun ya kasance min a ƙwallon Amurka

Duk wanda na ce masa na buga ƙwallon Amurka a kwaleji, abun da yake fara tambayata shi ne ƙwallo nawa na ci, sai in ce ko ɗaya, sai ya kalle ni da tausayi. To ba laifinsa ba ne. Ni ɗan layin gaba ne, mu biyar ne cikin 'yan wasa 11, santa a tsakiya, gad biyu a gefensa, takul biyu a ƙarshe, kuma aikinmu kawai mu tare ƙarti kar su kai ga kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, ko mu ture su mu buɗe hanya mai gudu ya wuce. Ni gad na dama na buga. Ba ka jin sunanka a lasifika sai ranar da alƙalin wasa ya jefa ƙyallen nan rawaya saboda ka riƙe rigar wani, a mayar da ku baya yadi 10, ranar kowa ya san lambarka.

A Hiyustan ta jihar Tekzas a Amurka na yi sakandare, iyayena sun koma can ina yaro, kuma kocin makarantar girman jikina kawai ya gani ya ce in zo fili. Daga nan na samu sikolashif a wata kwaleji ta rukuni na biyu, inda cin abinci ya zama aiki, dole nauyi ya kusa kilo 135 ya tsaya a wurin, in ka rage a tuhume ka. Da na gama ban ma tsaya yaudarar kaina ba, NFL, babbar gasar ƙwararru ta wasan, ƙungiyoyi 32 ne, zaɓen sabbin 'yan wasa zagaye 7 ne a shekara, ga kuma gwiwa ta fara ƙorafi. Sai kocin layinmu ya ce in zauna in yi digiri na biyu ina taimaka musu, su biya kuɗin makaranta su ba ni ɗan abun kashewa.

Wallahi wannan aikin babu wani ado a cikinsa. Kai ne mai yanka bidiyon abokan hamayya da daddare kana rarraba shi, wannan sun yi a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba masu hari su ci yadi 10, wancan in sun kusa layin ci, kai ne mai zana tsarin tsaronsu a kati ka ɗaga wa yaran da za su kwaikwaye su a atisaye, kai ne mai duba ko wane ya shiga aji, wani lokacin har kofi kai ne. Amma a nan na fara ganin wasan gaba ɗayansa, don da ina ciki mutum ɗaya nake gani, wanda ke huci a gabana. Kuma dama ɗan layi ya saba yin aiki a yabi wani, shi ya sa bai dame ni ba kamar yadda ya dami wasu da suka saba da tafi.

Abu mafi wuya shi ne abun da jikinka ya sani ka mayar da shi magana. Yaro ɗan shekara 15 in ka ce masa tare shi mana, ba ka koya masa komai ba. Sai ka farfasa. Taku na farko gajere ne, kamar inci 6, in ya yi tsawo ka riga ka faɗi tun ba a taɓa ka ba. Ƙafafu a buɗe, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu a ƙasa, hannaye su sauka a ƙirjinsa daga ciki, babban yatsa sama, gwiwar hannu a matse da haƙarƙari, kai kuma a ɗage, ba a tunkuyi da hular kwano, don maganar lafiyar ƙwaƙwalwa yanzu ba wasa ba ce. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa a gida ya san wanda ya shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa shi ke ɗaga shi, to haka yake a nan. Akwai wani yaro da na samu a sakandaren da nake yanzu, ƙato ne sosai amma da an saki ƙwallo sai ya miƙe tsaye zumbur, ana ta wuce shi. Ihu bai yi ba. Igiya muka ɗaure a tsayin kafaɗarsa in ya duƙa, kullum ya bi ta ƙarƙashinta yana takun nan ba tare da hularsa ta taɓa ba, sannan na riƙa ɗaukarsa a waya ina nuna masa nan take, sai da ya ga kansa da idonsa sannan ya yarda.

Masu raina mataimakin koci ba su san tarihi ba ne. Andy Reid ɗan layin gaba ne a jami'ar BYU, ya fara da irin wannan taimakon a can a 1982, ya yi ta yawo kwalejoji daban-daban yana kocin layi kafin ƙungiyar Green Bay ta NFL su ɗauke shi a 1992, ya zama babban kocin Philadelphia a 1999, yanzu ga shi da kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, har 3 a Kansas City. Art Shell ma takul ne na ƙungiyar Raiders, ya koma kocin layinsu, ya zama babban koci a 1989. Amma ni wanda ya fi burge ni Jeff Stoutland ne, kocin layi da a Philadelphia aka miƙa masa Jordan Mailata a 2018, ɗan Ostareliya mai wasan rugby da bai taɓa buga wasan nan ba, ya mayar da shi takul na hagu na gaske. Wannan koyarwa ce zalla.

Wani abun da ba wanda ya gaya min shi ne jiki. Ka daina wasa amma cikinka bai ji labari ba, sai da likita ya yi min magana kan hawan jini na rage tuwo da shinkafa na koma tafiyar ƙafa. Azumi ya taimaka, ko da yake tsayuwa a fili a zafin Tekzas da usur a baki ba ruwa, kai, wannan sai wanda ya gwada.

A Tekzas yawancin masu kocin sakandare malamai ne, ni ma da safe lissafi nake koyarwa, yamma fili, daren Juma'a wasa, Asabar da sassafe mu zauna kan bidiyo ina ba kowane yaro maki a kan kowane yunƙuri, ya yi ko bai yi ba. Wanda ke son shiga ya sani aikin ba shi da tabbas, in aka sallami babban koci sau da yawa da mataimakansa ake haɗawa ko layinka ya fi na kowa kyau, shi ya sa da kaka ta ƙare a Disamba wayoyi ke ɗaukar zafi kowa na neman inda zai faɗa. Ni da iyalina mun yi shawara ba za mu riƙa tashi gari gari ba, saboda haka na bar zancen komawa kwaleji, bana ma yara uku cikin biyar ɗin layina sun gama, sabbi zan fara da su tun daga tsayuwa.