Jinyar tsofaffin ma'aurata: kati ɗaya, majinyata biyu

Duk wanda ya daɗe yana jinyar tsofaffi ya san cewa idan aka kawo dattijon da ya shekara hamsin da matarsa, kati ɗaya ake yanka, amma majinyata biyu ne. Shi yana kan gado, ita tana kan tabarma a gefe, kuma sau da yawa ita ce ta fi buƙatar a auna jininta.

Kafin komai, a saurare ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Ya'ya sukan taso daga Abuja ko Legas su tsaya gaban likita suna ta bayani, alhali an jima rabonsu da kwana a gidan. Hajiya tana gefe, kunya ta hana ta magana, ko sunansa ba ta kamawa. Amma ita ta san sau nawa ya tashi fitsari jiya da dare, da ranar da ya fara barin rabin tuwonsa. A sallami yaran, a zauna kusa da ita, a ce: "Hajiya, yaya kika ga jikin Malam kwanan nan?" In ta ce "ba haka yake ba", kada a yi wasa da maganar. A jikin tsoho, cutar mafitsara ko ta huhu takan fara ne da ruɗewa ko yawan barci, ba lallai da zazzaɓi ba.

Wurin magani aka fi samun ɓarna. Sun saba komai nasu a haɗe yake, sai ka tarar da ƙwayoyinsu duka cikin leda ɗaya. Nata ya ƙare, ta ɗauki nasa, wai ai duk na hawan jini ne. In aka yi rashin sa'a abin da ta haɗiya na ciwon suga ne irin glibenclamide, sukarin jininta zai faɗi: gumi, karkarwa, sambatu. Idan na'urar auna suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL kuma tana iya haɗiya, a dama babban cokali ɗaya na sukari ko zuma a ruwa a ba ta, a sake aunawa bayan minti 15. In ta suma, kada a ɗura mata komai. Ko ta farfaɗo a kai ta asibiti, don wannan ƙwayar tana daɗewa a jiki, sukarin yana iya sake faɗuwa. Gyaran ba wuya: roba biyu masu launi daban, kowa da tasa, a ɗaura lokacin sha da salla, bayan asuba ko bayan isha'i. Tsoho kan manta agogo, ba ya manta salla.

Idan ɗaya ya kwanta, misali bayan shanyewar ɓarin jiki, dole a riƙa juya shi duk bayan awa biyu. A duba ƙugu, kwatangwalo, kafaɗa da diddige kullum. A baƙar fata gyambon kwanciya ba ya fara da ja yadda littattafai ke nunawa. Wurin yakan ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Kada a gasa shi, kada a murza. A sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa. Tsohuwa mai shekara saba'in ba za ta iya juya namiji ita kaɗai ba, ko da ta rantse za ta iya. A shimfiɗa zani ninki biyu ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama gefe da gefe.

Sai dai kada a ƙwace mata jinyar duka da sunan tausayi. A ɗauke mata ɗagawa da wanki da tsaron dare, a bar mata shafa mai, da taya shi taimama, da ba shi abinci, don daga hannunta ya fi karɓa. A nuna mata yadda ake yi: a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. Kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa zalla sauƙin haɗiya. In ya fara tari ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure baki, a dakata, abincin yana bin hanyar numfashi ne.

Shawarar da ta fi cutarwa kuwa 'ya'ya ne ke yanke ta, da kyakkyawar niyya: wannan ya ɗauki Baba, wancan ya ɗauki Inna. Mai cutar mantuwa da aka raba da ɗakinsa da fuskar da ya sani, ruɗewarsa ƙaruwa take, musamman da magariba. Gara a kawo mai taimako gida. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda aka sani a Nijeriya da yaƙi da cutar kurkunu, ya auri Rosalynn a 1946, suka shekara 77 tare. A 2023 shi yana jinyar ƙarshen rayuwa, ita kuma an gano tana da cutar mantuwa, amma a gidansu na garin Plains aka bar su, har ta rasu a Nuwamban shekarar. Tun 1987 ta kafa cibiya domin masu jinyar 'yan uwansu, wato ta riga ta san nauyin abin.

Ranar da ɗaya ya cika, jinyar ɗayan ta fara. An daɗe da sanin cewa haɗarin mutuwar wanda aka bari yana ƙaruwa a watannin farko. Akwai ma ciwon zuciya da tsananin baƙin ciki ke tayarwa, wanda likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, kuma ya fi kama mata masu shekaru. Don haka ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi a zaman makoki ba abin da za a ce "kuka ne, a yi haƙuri" ba ne. Asibiti za a nufa. Bayan sadakar bakwai gida yakan watse. A lokacin ya kamata a tsayar da wanda zai riƙa miƙa magani, musamman in namiji ne aka bari, don galibi ita ce take tuna masa. A auna jini duk mako, kada a bar shi ya ci abinci shi kaɗai. In mace ce, takaba wata huɗu da kwana goma ce, kuma malamai sun halatta fita saboda lalura, saboda haka ranar ganin likita tana nan yadda aka sa ta.